Mahaifiyata ta rasu, ga kuma lokeshan, wurin ɗaukar fim, yana jirana

Tambaya: Malam, ni ɗan fim ne a Kano, shekarata shida a harkar. Yau kwana ashirin da shida da rasuwar mahaifiyata. Muna tsakiyar wani shiri mai dogon zango, furodusa ya kira ni sau biyu, cikin mutunci, yana tambayar yaushe zan dawo domin abin da aka ɗauka ya kusa ƙarewa. Ina bukatar kuɗin, ni ne babba a ɗakinmu. Amma ko layi biyu na karanta ba ya zama a kaina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a zangon da za mu shiga akwai inda uwar wanda nake fitowa a matsayinsa za ta rasu. Wani abokina ya ce dama ce ta samu, in juye abin da ke raina a wurin. In koma ne ko in dakata? In na koma kuma, yaya zan yi da wannan sin ɗin, wato fitowar da za a nuna rasuwar?

Amsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanena, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta, ya sa Aljanna ce makoma, ku kuma ya ba ku juriyar rashi.

Zan fara ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta. Ka koma aiki, amma da sharaɗi, kuma kai za ka gindaya sharaɗin tun kafin ka taka lokeshan. Shawarar abokinka kuwa, ka gode masa domin da kyakkyawar niyya ya ba ka, sannan ka ajiye ta a gefe. Na shafe shekaru masu yawa ina ba da umarni da horar da 'yan wasa, tun daga dandamali har aka koma kamara, kuma wannan shawarar da ya ba ka ni ma na taɓa aiki da ita a kan wani yaro. Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina. Zan zo kan labarin.

Da farko dai, batun layin da ba ya zama a kanka. Ba hazaƙarka ce ta tafi ba. Mutumin da aka yi wa rashi na kusa, kansa yana wani aiki ne dare da rana wanda bai sa shi ba: yana ta ƙoƙarin amincewa da cewa wadda ya saba samu a ɗakinta ba ta nan. Shi ya sa za ka ga ka ɗauki waya da niyyar kiranta, sai da ka fara neman sunan sannan abin ya faɗo maka. Ga rashin barci, ga cin abinci da ya koma sama-sama. Haddar layi kuwa tana son kai mai natsuwa da barci isasshe. Mafi yawan mutane wannan yana sassautawa cikin 'yan makonni zuwa watanni, a hankali, ba tare da sun lura da ranar da ya tafi ba. Kafin nan, ka daina gwada kanka da yadda kake a da. In da can kana karanta shafi sau biyu ka shiga gaban kamara, yanzu ka karɓi sikirif ɗin kwana biyu kafin ɗauka, ka sa wani ya riƙa karanta maka layin abokin wasanka kana amsawa da baki, kuna tafe kuna yi. Haddar da aka yi da murya da motsin jiki ta fi wadda aka yi da ido zama a irin wannan lokaci.

Sai batun "ya yi wuri ko bai yi ba", domin na san ko ba ka faɗa ba yana cikin abin da ke cin ka. A addini, zaman makoki kwana uku ne. Wadda aka ɗora wa fiye da haka ita ce matar da mijinta ya rasu, wadda za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma kamar yadda ya zo a aya ta 234 cikin Suratul Baƙara, ko kuma har ta haihu in tana da juna biyu. Ɗa ba shi da takaba. Sadakar bakwai da ta arba'in al'ada ce, malamai ma sun yi ta magana a kansu, wasu gidajen suna yi wasu sun bari. To amma kai ba a littafi kake zaune ba, a cikin dangi kake. In a gidanku ana ganin nauyin arba'in, kuma saura mako biyu kacal, ka je ka durƙusa gaban mahaifinka in yana raye, ko kawunka, ko yayar mahaifiyar taka, ka ce ga halin da ake ciki, ga aiki yana jira, me suka gani. Sau da yawa su da kansu za su ce tashi ka je ka nemo, zaman ba zai dawo da ita ba. Amma ka bari daga bakinsu maganar ta fito. Ranar da wani ya rubuta a Facebook cewa ko ƙasar kabarin uwarka ba ta bushe ba ka koma fim, kuma za a rubuta, sanin cewa da izinin manyanka ka fita shi zai hana maganar ta huda ka.

Kuma kada ka raina dalilin kuɗin. Harkarmu ba albashi, ba hutun rasuwa, ba fansho. Ka yi aiki a sallame ka, ba ka yi ba babu. Kai ne babba, akwai ƙanne, wataƙila akwai bashin asibiti, wataƙila ita ma marigayiyar akwai wanda yake binta wani abu da ya wajaba a sauke mata. Wanda ya tashi ya fita nema don ya riƙe abin da uwarsa ta bari, hidimarta yake ci gaba da yi.

Akwai wani abu da masana halayyar ɗan Adam suka rubuta wanda ya yi daidai da abin da na gani da idona a lokeshan. Wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun fitar da bayani a 1999 cewa mai jimami ba a kan hanya ɗaya miƙaƙƙiya yake tafiya ba. Kai-kawo yake yi tsakanin wuri biyu. Wani lokaci yana fuskantar rashin kansa, ya tuna, ya yi kuka, ya yi kewa. Wani lokaci kuma ya juya ga hidimar rayuwa, ya yi aiki, ya yi ciniki, har ya yi dariya ya manta na ɗan lokaci. Suka ce wannan kai-kawon shi ne lafiya, wanda ya maƙale a ɓangare guda shi ake ji wa tsoro. Na fi yarda da wannan a kan zancen matakai biyar ɗin nan da ake yawan yaɗawa, wai sai an bi ta musu, a bi ta fushi, har a kai ga sallamawa. Wannan tsarin daga littafin Elisabeth Kübler-Ross na 1969 ya fito, kuma ita da marasa lafiyar da ke dab da mutuwa ta yi hira, ba da waɗanda aka mutu aka bari ba. Don haka in ka wayi gari yau da sauƙi, gobe kuma abin ya dawo sabo kamar ranar jana'iza, ba baya ka koma ba. Haka abin yake tafiya.

To ka ga amfanin aiki a nan: shi ne inuwar da za ka riƙa fakewa na 'yan sa'o'i. Ka sa kayan wani, ka amsa sunan wani, ka damu da damuwar wani, zuciyarka ta ɗan sarara. Wannan ita ce rahamar da ke cikin sana'armu ga mai jimami. Abin da abokinka yake ba ka shawara kuwa shi ne ka ɗauko makokin ka shigo da shi cikin inuwar. In ka yi haka, ina kuma za ka fake?

Ga labarin da na ce zan ba ka. Shekarun baya, lokacin ana fitar da fim a faifai, muna aiki a wani gida da muka ara a bayan gari. Akwai sin na fitar da gawa. Muka aro makara daga masallacin unguwar, aka jera matasan kai aka naɗe da farin yadi, aka rufa tabarma. Yaron da zai fito a ɗan mamacin bai fi mako uku da binne mahaifinsa ba. Na sani sarai. Maimakon in tausaya, sai na ja shi gefe na ce masa, "Ka tuna Baba, ka tuna ranar." A raina ina cewa yau za mu samu abin da ba a taɓa gani ba. Aka ta da janareta, na ce akshin. Mutum huɗu suka ɗago makarar suka fito daga zaure, shi yana tsaye a bakin ƙofa. Da ƙafar makarar ta gogi bango ta yi wannan ƙarar ta ƙarfe, sai na ga gwiwoyinsa sun saki. Ya zube, ya fasa wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Mai kamara ya ɗago kai ya dube ni, yana jiran in ce kat. Ban ce ba. Na bar ta tana naɗa har kusan minti biyu. Da aka tsaya wasu har da tafi.

Bayan nan na same shi a bayan motar kaya, zaune a ƙasa, jikinsa yana rawa, ya kasa riƙe ledar ruwan da aka miƙa masa. Ba a iya ɗauka ta biyu ba. Ba a iya ɗaukar fuskarsa ta kusa ba. Layi uku da zai faɗa wa kawunsa a wurin, waɗanda labarin gaba ɗaya ya rataya a kansu, ko ɗaya bai fito ba. Da muka zauna editin sai ga shi abin da muka yi wa tafi ba ya moruwa: ya juya wa kamara baya, murya ta shaƙe, kuma kukan ya fi ƙarfin labarin, domin mahaifin da ke cikin fim ɗin mugu ne wanda ɗan bai shaƙu da shi ba. Daƙiƙa kaɗan muka tsinta a ciki. Yaron kuwa ya yi watanni bai ɗauki wayar kowa a cikinmu ba. Da muka haɗu daga baya bai zarge ni ba, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, abin da ya ce kawai shi ne tun ranar in ya tuna jana'izar mahaifinsa sai ta haɗe masa da ta fim ɗin, har ya rasa wacce ce wacce. Wannan maganar ita ta fi tsaya mini. Na shiga na taɓa masa abin da ba ni da hakkin taɓawa, a kan faifan da bai yi wata uku a kasuwa ba.

Wannan muhawara ta girme mu duka. Wani marubucin Rum mai suna Aulus Gellius ya kawo labarin wani shahararren ɗan wasan Girka, Polus, wanda ɗansa ya mutu, da ya dawo dandamali aka ba shi rawar da zai rungumi tulun tokar gawar mamacin da aka ƙona yana kuka, sai ya ɗauko tulun da tokar ɗansa na gaskiya take ciki. Kusan shekara dubu biyu ke nan ana ba da labarin a matsayin abin al'ajabi, amma ba a ba mu labarin yadda ya kwana a daren ba. A zamanin kusa, Stanislavski, malamin wasan kwaikwayo na Rasha, ya koyar da cewa ɗan wasa yana iya tono abin da ya taɓa ji a rayuwarsa ya yi aiki da shi, Lee Strasberg ya ɗauki wannan ya gina makaranta a kansa a Amurka. Stella Adler, wata 'yar wasa Ba'amurkiya, ta je ta sami Stanislavski a Faris a 1934, ta dawo tana cewa shi kansa mai abin ya karkata ga tunanin halin da ɗan wasa yake ciki a labari da kuma abin da yake aikatawa, ta ci gaba da sukar tonon ciwo har ƙarshen rayuwarta. Su ma masu bin hanyar Strasberg ɗin suna gargaɗin kada a taɓa abin da bai daɗe da faruwa ba, sai wanda shekaru suka bi ta kansa. Kai naka ko wata bai cika ba. Daniel Day-Lewis, wanda ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi har sau uku, ya fice daga dandamali ana tsakiyar wasan Hamlet a Landan a 1989, a rawar ɗan da fatalwar mahaifinsa take bayyanar masa, alhali nasa mahaifin ya rasu tun 1972. Bai sake wasan dandamali ba. In shekara goma sha bakwai ba ta sa wannan wurin ya daina zafi ba, ka auna kwana ashirin da shida.

Akwai kuma abin da na zamanin da ba su fuskanta ba. Polus ya yi kukansa an watse, shi ke nan. Kai naka za a ɗora a YouTube. Wani zai yanko wurin, ya sa masa waƙar tausayi, ya rubuta "kukan gaske ne, mahaifiyarsa ce ta rasu", ya watsa a TikTok yana neman mabiya. Shekara biyar nan gaba kana zaune lafiya da iyalinka za a turo maka shi.

To me za ka yi? Ka je ka sami darakta da furodusa ido da ido, kada ka yi ta waya, kuma kada ka bari sai ranar ɗauka, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗa musu kai tsaye cewa za ka dawo, amma ga abin da za ka iya yanzu, ga wanda sai gaba. Ni da kai mun san ba a ɗaukar fim a jere yadda ake kallonsa. Ana tattara duk sin ɗin da ke gida ɗaya ne a yi su tare. Saboda haka tura sin ɗin rasuwar zuwa ƙarshen jadawali ba wani abu ne da zai rushe aikin ba, ɗan ciwon kai ne ga furodakshan manaja da mai kula da kwantiniti, wato daidaiton kaya da kamanni daga sin zuwa sin, kuma sun saba da wanda ya fi shi. Ka nemi ranar farko ta zama rabin yini, da sin masu sauƙi: zaman ofis, hirar majalisa, shiga mota da fita. In akwai waƙa da rawa ko barkwanci mai yawa, su ma a ɗaga maka su, ba don haramun ne a gare ka ka yi dariya ba, sai don fuska ba ta ƙarya a ɗaukar kusa, kuma kai kanka za ka tsargu.

Wani ƙaramin abu da mutane ba sa kawowa a rai shi ne gaisuwa. Lokeshan akwai mutum talatin, arba'in. Kowa yana ƙaunarka, kowa zai zo ya ce ya haƙuri, ya tambayi ko jinya ta yi, a wane asibiti, da wane lokaci. Ka shirya kanka za ka shiga sin, sai mai haske ya matso ya yi maka ta'aziyya, ka koma farko. Ka roƙi darakta da safe kafin a kunna komai ya tara jama'a a yi wa Hajiya addu'a gaba ɗaya, a shafa, sannan ya ce an yi gaisuwa an gama, a bar ka ka yi aiki. Na gwada wannan ba sau ɗaya ba, yana sauke nauyi a kan kowa, har su masu gaisuwar da ba su san ta inda za su fara ba. Ka kuma zaɓi mutum guda da ka yarda da shi, wanda in ya ga idonka ya sauya zai je ya raɗa wa darakta a ba da hutun minti goma, ba sai kai ka buɗe baki ba.

Jama'ar da za ka koma cikinsu ba baƙin rashi ba ne. Wannan masana'anta ta binne Balaraba Muhammad a 2003, ta binne Ahmad S. Nuhu a farkon 2007, da Hauwa Ali Dodo a farkon 2010, dukkansu ta hatsarin mota, suna kan ganiyarsu. Ta binne Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014, da Hauwa Maina a 2018. Nura Mustapha Waye ya rasu a 2022 yana tsakiyar ba da umarnin Izzar So, abokan aikinsa suka share hawaye suka ci gaba da shirin. Saratu Gidado Daso ta tafi a ƙarshen azumin 2024. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Duk wani babba da ka gani a lokeshan ya taɓa tsayawa gaban kamara da makoki a ƙirjinsa. In ka yi magana za a fahimce ka fiye da yadda kake zato. Wanda kuma ya ce maka ai aiki aiki ne, ko ka yi yadda aka tsara ko a sauya ka, to ka san da wa kake hulɗa, ka ƙarasa masa abin da kuka yi alkawari ka kama gabanka.

Yanzu sin ɗin kansa. Abu na farko, ka zauna da marubucin ku duba ko dole ne a nuna shi yadda aka rubuta. Mu 'yan fim muna da son kururuwa da birgima a wurin mutuwa, alhali ka fi ni sani yanzu cewa ba haka namiji Bahaushe yake karɓar rasuwar uwarsa ba. Salati yake yi, ya yi shiru, ya tashi ya shiga neman likkafani da masu haƙa, yana amsa waya yana cewa bayan la'asar ne in sha Allahu. Kukan sai dare, ko bayan kwana goma in ya ga takalminta a bakin ƙofa. Wannan sanin shi ne abin da rashin ya ba ka wanda za ka iya kawowa aiki ba tare da ka cutu ba: ka gyara musu sin ɗin ya zama gaskiya. Ana iya yin sa ta kiran waya. Ana iya nuna bayanka kana zaune a kan tabarmar makoki ana miƙo maka hannu. Mai kallo zai fi jin wannan a jikinsa fiye da ihu.

In kuma dole sai ka tsaya a kan gawar, to ka gina katanga tsakanin uwar fim da taka. In Hajiya kake kiran mahaifiyarka kuma sikirif ya ce Hajiya, a sauya ya koma Umma ko Inna. Kalma ɗaya ce, amma bakinka ya san wadda yake kira da ita. Ka duba kayan da za a sa wa mai fitowa a uwar, in akwai atamfa ko mayafi ko carbi mai kama da na gida, a canza. Turare ma haka, domin ƙamshi ya fi komai saurin jefa mutum cikin tuna baya. Ka ƙirƙira wa uwar labarin tarihinta daban: garinsu, sana'arta, abin da take yi wa ɗanta faɗa a kai. Sannan ka yi wasan daga waje: yadda numfashi yake sarƙewa, yadda hannu yake neman abin riƙewa, yadda mutum yake ninke mayafi sau uku ba tare da ya san yana yi ba. In ana son hawaye, Robb yana nan, ka shafa a ƙasan ido kamar yadda aka saba. Babu abin kunya a ciki, sana'a ce. A sa sin ɗin ya zama na ƙarshe a ranar, a rage mutane a ɗakin, a yi gwajin kamara da haske da wani a madadinka, kai kuma ka shigo a yi ɗauka biyu ko uku a tashi. Ku yi yarjejeniya da darakta cewa in ka ɗaga hannu, kat ne, ba sai an tambayi dalili ba.

Duk da wannan shiri, abin yana iya ƙwace maka. In ya zo, ya zo, ba ka yi laifi ba kuma haƙurinka bai ragu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub kuwa Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma shi ne dai mai "haƙuri kyakkyawa". Mu ne muka mayar da haƙuri ya zama bushewar ido. Abin da nake so ka nema tun yanzu shi ne alkawarin cewa in haka ta faru, ba za a yi amfani da wannan ɗaukar ba sai ka gani ka amince, kuma ba wanda zai ɗauka da waya.

Da an gama, kada ka zarce gida da kayan wasan a jikinka. Ka tuɓe, ka wanke fuska, ka yi alwala, ka yi raka'a biyu in lokaci ya ba da dama, ka yi mata addu'a da sunanta na gaskiya. Ka ci abinci mai ɗumi. Kuma don Allah kada ka ja mota da kanka a daren, musamman in a wajen gari kuke, mutumin da bai yi barcin kirki ba wata guda ba shi da haɗi da sitiyari bayan isha.

Sai gargaɗi guda da ba zan rufe baki a kansa ba, domin mun san abin da ke yawo. Za a samu wanda zai miƙo maka ƙwaya ya ce ta barci ce, ko wadda za ta sa ka ji garau ka yi aiki. Kada ka karɓa. Diazepam da tramadol da makamantansu suna danne abin ne na 'yan sa'o'i, ya dawo da ƙarfinsa, ga kuma sabo ya shiga. Na ga waɗanda rasuwar iyaye ce ƙofar da suka shiga wannan ramin. In rashin barcin ya yi tsanani, likita za ka gani.

Akwai kuma jimamin da yake ƙin sassautawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022: mutum ya wuce aƙalla wata shida, fiye da abin da al'adarsa ta saba, kewar mamacin ta mamaye shi kullum har ta hana shi gudanar da rayuwarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka su shekara guda suka sa ga manya. Kai ba ka kai nan ba, kuma mafi yawan mutane ba sa kaiwa. Amma in watanni suka tafi kana nan yadda kake, ba ci, ba barci, ba ka son ganin kowa, ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ba ya hana addu'a. In kuwa ka fara jin gara ka bi ta, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, wannan ba a jiran wata shida, a ranar za ka faɗa wa wani na kusa ku tafi tare.

Saura ranar da za a saki wannan kashi na shirin. Ka tambayi editan ya gaya maka makon tun da wuri. Ka sanar da ƙannenka, musamman mata, kada su buɗe waya su ci karo da yayansu a kan makara ba shiri. Kai kuma ba dole ne ka kalla ba. In za ka kalla, kada ka yi shi kai kaɗai da tsakar dare, kuma ka bar sashen sharhin masu kallo sai bayan kwana biyu.